Sharhi kan awon lantarkin ƙwaƙwalwa da aka yi wa ƙanina a Kaduna

Shekara uku ke nan ƙanina yana shan maganin sikizofireniya, ciwon ƙwaƙwalwa da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana damun kimanin mutum miliyan 24 a duniya. Watan jiya muka lura yakan yi shiru na ɗan lokaci yana kallon wuri guda, sai likitansa ya tura mu awon EEG, wato awon lantarkin ƙwaƙwalwa, domin a duba ko farfaɗiya ce ta shigo, tunda akwai nau'inta da ke sa mutum jin muryoyi. A wata cibiyar gwaje-gwaje mai zaman kanta da ke cikin gari muka yi, kuma aka haɗa mana da awon yadda ƙwaƙwalwa ke amsa sauti.

Abin da na fi yabawa shi ne haƙurin ma'aikacin da ya yi aikin. Tun ranar da muka je neman lokaci ya ce a wanke kai da sabulu kawai, kada a shafa mai. Da ya auna kan da tef, ya fara manna ƙananan wayoyi kusan 20 da wani farin abu mai danƙo, sai ƙanina ya damƙe hannuna ya ce, "Yaya, wuta za su sa mini?" Ma'aikacin ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗora waya ɗaya a bayan hannunsa shi kansa, ya ce, "Malam, na'urar nan sauraro kawai take yi, ba ta zuba komai a jiki." Gaskiya ya faɗa, domin tun 1924 da likitan Jamus Hans Berger ya fara wannan awo a kan ɗan Adam, aikinsa shi ne ɗaukar ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta.

Bayan awon farko aka sanya masa abin sauraro a kunne, ana sako ƙara iri ɗaya a kai a kai, can sai wata siririya ta ratso, aka ce ya riƙa ƙirga siraran a zuci. Idan ƙwaƙwalwa ta gane baƙuwar ƙara, wata igiya takan tashi a allon kwamfuta bayan kusan sulusin daƙiƙa, ita ce ake kira P300, wadda Samuel Sutton da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1965. A masu sikizofireniya sau da yawa igiyar takan fito gajeriya.

Daga baya likitansa ya ba ni labarin wani gwajin da ba a yi mana ba, wanda ya fi taɓa zuciyata. Ana sako ƙara biyu iri ɗaya, rabin daƙiƙa a tsakaninsu. Ƙwaƙwalwar mai lafiya takan amsa ta farko da ƙarfi ta rage wa ta biyu, kamar mai cewa na riga na ji, amma a marasa lafiya da yawa wannan rariya ba ta tacewa sosai. Nan take na tuna ranar da muka shiga Kasuwar Barci, ya toshe kunnuwa ya ce odar keke, da muryar mai talla, da maganata, duk ƙarfinsu ɗaya a kansa. A ranar na ɗauka gardama ce, har na yi masa faɗa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Inda cibiyar ta gaza kuwa ba ƙarami ba ne. Ana tsakiyar awon sauti aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto a bayan taga, ƙararsa na shigowa ɗakin, har sai da aka sake wannan sashe daga farko; awon da ya dogara da ji ai ɗaki mai shiru yake bukata. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai karɓar kuɗi ta ce mini gwajin "zai nuna cutar ƙarara". Ba haka ba ne. Likitan ya bayyana mini cewa sai an kwatanta rukunin marasa lafiya da na masu lafiya ake ganin bambancin, cewa gajeriyar igiya tana fitowa a masu wasu cututtukan kamar ciwon mantuwa, har ma a wasu 'yan'uwan maras lafiya da ba su taɓa ciwon ba. Har gobe da hira da lura da tarihin mutum ake gano sikizofireniya. Sakamakon ma da Turanci aka miƙo mana shi a ambulan, babu wanda ya zauna ya fassara.

Awon bai nuna alamar farfaɗiya ba, ko da yake likitan ya ce awo ɗaya ba ya kore ta gaba ɗaya, don haka muna rubuta ranaku da tsawon duk shirun da ya yi. Wanda likita ya tura ya je, ya nemi lokacin safe, ya tambaya ko suna da batir ko sola kafin ya biya. Mu kam za mu koma asibiti bayan mako shida da littafin a hannu.