Wasiƙa daga Bamingham: sitiyari daga nan, ƙarfe daga Gombe

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya zafi? Ka nemi in yi maka bayanin motar tsere da na kafa a ɗakina, wadda ka gani a hoto, tunda kana son sa irinta a gidan gem ɗinka na Pantami. Na daɗe ina jujjuya maganar, domin ba na so ka zuba jarinka bisa abin da hoto ya nuna maka kawai.

Abin da ke cikin hoton kujerar mota ce, da sitiyari, da totur da birki da kuloci, duk a ɗaure jikin ƙarfe, sai kwamfuta, sai tabarau ɗin nan da ake kira VR. Da ka sa shi ɗakin ya ɓace. Ka waiga hagu ka ga madubi, ka ɗaga kai ka ga rufin mota, kwana kuma kana hango ta da nisanta kamar yadda direba ke hango ta a titi. Ranar farko, a cikin wasan, na shiga filin Silbaston, inda aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a 1950. Filin bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga inda nake ba, na taɓa zuwa kallo, kuma wallahi na gane wuraren. Kada ka ɗauka wasan yara ne. Akwai wani saurayi ɗan ƙasar nan Birtaniya, Jann Mardenborough, da ya ci gasar wasan tsere na gem mai suna GT Academy a 2011 daga kan irin wannan kujera, daga baya ya yi tsere da motar gaske a Le Mans ta Faransa.

Sitiyarin shi ne ran abin. Akwai injin lantarki a cikinsa da ke ja da hannunka, har ka ji gargada, ka ji lokacin da taya ta fara sulɓewa. Na fara da Logitech G29 na hannu. Yana juyawa digiri 900, da haƙoran giya yake aiki, shi ya sa yake ɗan ƙara, amma yana da jimiri. Daga baya na koma Fanatec CSL DD, na wani kamfani da ya samo asali a Jamus, wanda sitiyarin ke zaune kai tsaye a kan sandar injin, ba bel ba giya. Ƙarfinsa ya ninka na farkon fiye da sau biyu. Ga gidan gem, inda hannu ashirin za su murɗa shi a yini, G29 nake ba ka shawara. Kuma filoginsu mai ƙafa uku ne irin namu, wutar ma 230 ce, ba ka buƙatar wani abin canji.

Abin da ya fi burge ni a nan ba kayan ba ne, yadda ake sayar da su ne. Dokar ƙasar ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar, ko da bai faɗi dalili ba. Birkin da na yi oda ya zo da matsala, yana kamawa shi kaɗai. Na rubuta wa shagon, suka turo takardar mayarwa, kafin mako ya zagayo sabo ya iso ƙofa. Ba rantsuwa, ba kiran shaidu, ba “ai lafiya lau ya bar shagona”. Na zauna ina tuna yadda muka yi ta safa da marwa kan talabijin ɗin Baba, raina ya sosu, domin 'yan kasuwarmu ba mugaye ba ne, su ma ba su da wanda za su mayar wa.

Amma akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba. A nan ba a gyara. Abu ya wuce garanti ya lalace, kuɗin hannun mai gyara ya isa sayen sabo, in ma ka same shi. Ƙarfen da ke riƙe kujerar kuwa, sandunan alminiyom ne da aka yanka aka huda, kuɗinsu ya kusa na sitiyarin kansa, kuma ni na kwana biyu ina ɗaure kusoshi. Ina yi ina tuna masu walda na wajen Tashar Dukku. Ka kai musu awo, su haɗa maka da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a yini guda, ka samo kujerar tsohuwar mota wajen 'yan gwangwan da layin dogonta na matsawa gaba da baya, mai ɗinkin kujera ya sabunta ta. Abu ɗaya za ka nanata wa mai waldar: wurin birki kada ya yi motsi ko kaɗan, domin nan ƙafa ke zuba ƙarfinta. Kada ka biya kuɗin jirgi a kan ƙarfe.

Yanzu ga inda nake jin tsoro. Tabarau yana zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, kuma ana so ya sabunta su kamar sau 90 a daƙiƙa. In kwamfuta ta gaza, hoton ya riƙa tsalle, sai jiri da tashin zuciya. Ko da komai na tafiya daidai, sabon shiga yakan ji haka, saboda ido na cewa ana gudu, kunnen ciki na cewa ana zaune. Ni minti goma na fara yi, da fanka tana busa mini fuska, sai bayan mako biyu na saba. Don haka kwamfutar sai mai katin hoto mai ƙarfi, kuma irinta tana shan wuta. Tun da na zo ba a taɓa ɗauke mini wuta ina tsakiyar tsere ba. Kai kuwa ka san halin da ake ciki. Wutar da ke zuwa tana ja da baya ita ke kashe irin waɗannan kaya, saboda haka inbata da batura masu kyau su ne sayayyarka ta farko, kafin sitiyari.

Wajen na'ura da wasan da za ka sa, hanya biyu ce. PlayStation 5 da tabaransa PSVR2, wanda ya fito a 2023, da wasan Gran Turismo 7, sun fi sauƙin haɗawa kuma ba su kai kwamfuta shan wuta ba, sai dai yawancin wasan ba ya buɗewa sai da intanet. Ta biyu, kwamfuta da tabarau na Meta Quest a jone da kebul, da wasan Assetto Corsa na Italiya, wannan yana tafiya ko data ta ƙare. Ita na zaɓa maka. Tsere da mutanen waje ta intanet ka ajiye shi tukuna, jinkirin layi yana sa motarka ta riƙa ɓacewa tana bayyana a idon abokan tsere.

Ka kula da zafin Maris da Afrilu, gumi na sa gilashin ya yi hazo, kuma fuska da yawa za su sa shi, sai ka nemi murfin roba da ake gogewa. Ƙurar hunturu ta sa ka riƙa rufe komai da dare. Kada rana ta haska cikin gilashin ko na ɗan lokaci, tana ƙona allon. Yara ƙanana kuma a bar su a talabijin, Sony da kansa ya ce tabaransa ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne.

Zan zo da G29 ɗina da ƙaramar sallah in Allah ya kai mu, na riga na auna shi a akwati. Kafin nan ka auna faɗin lungun da kake son sa kujerar ka turo mini, ni kuma in aiko maka da zanen da za ka kai wa mai walda. Ka gaida Inna da Goggo, ka ce musu zumar ta iso.

Yayanka.