Madarar shanu ko ta tsirrai? Juya kwalin ka karanta kafin ka ɗauka

Wata rana kwalin madarar almon ɗina, wadda ake yi da ƙwayar wata bishiya mai kama da gyaɗa, ya ƙare, sai na ji har yanzu da ɗan nauyi a gindinsa. Na sa almakashi na yanka shi, na leƙa. Wani farin abu ne kwance a ƙasa kamar jiƙaƙƙen alli, na dangwala da yatsa na ji gari-gari. Ashe kalsiyam ɗin da kamfanin ya zuba ne, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi, wato ainihin abin da ya sa na sayi madarar. Kwana da kwanaki ina tsiyayar ruwan sama ina sha, amfanin yana can ƙasa yana jiran kwandon shara. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma shi ya sa na fara karanta bayan kwali da natsuwa.

Abu na farko da karatun ya koya mini shi ne, farin launi ba ya mai da abu madara. Kama da wane ba ta wane. Har kotu ta shiga maganar: a shekarar 2017 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa ba za a sayar da abin da aka yi da tsirrai da sunan madara ba, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar madarar kwakwa. Shi ya sa a can za ka ga an rubuta “abin sha na soya” ko “abin sha na ots”, wani hatsi mai kama da alkama. A Amurka kuwa hukumar kula da abinci da magunguna ta fitar da daftarin shawara a 2023 da ya bar kamfanoni su ci gaba da amfani da sunan. Ni sunan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne uwar da za ta ɗauka duk ɗaya ne, ta canza wa ɗanta abin sha ba tare da ta san abin da ta rage masa ba.

Bari mu fara da ta shanu, tunda da ita ake gwada sauran. Kofi ɗaya, wato kamar mililita 240, na cikakkiyar madara yana ɗauke da furotin wajen giram 8, maiƙo giram 8, sukarinta na asali da ake kira laktos giram 12, da kalsiyam kusan miligiram 300. Akwai kuma bitamin B12, da B2, da aidin. Furotin ɗinta cikakke ne, jiki yana samun duk tubalan ginin da yake bukata a ciki. Wanda likita ya ce ya rage kitse zai iya komawa wadda aka yaɗe maiƙonta, domin furotin da kalsiyam suna nan yadda suke, sai dai garɗin yana raguwa.

Amma ko a ɓangaren ta shanun akwai tarko. Madarar gari da yawa an cire mata man shanunta an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja. Ba guba ba ce, sai dai ba ita ce cikakkiyar madara ba, kuma jerin kayan haɗin zai gaya maka gaskiya in ka duba. Wadda ake sayarwa da sunan mai ƙara wa shayi fari da kauri kuwa, sau da yawa mai ne da sukari da ɗan furotin kaɗan. Ita kuma mai kaurin nan ta gwangwani mai zaƙi, fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Sai ɗanyar madara da ba a dafa ba. Dumama ta a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, dabarar da ta samo suna daga Louis Pasteur, ita ke kashe ƙwayoyin cuta irin su burusela da listeriya da tarin fukan shanu. Mai juna biyu da ƙaramin yaro da tsoho kada su kusanci wadda ba ta ga wuta ba.

To me ke sa mutane barin ta? Mafi yawa ciki ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya, bayan yaye, jikinsu yana rage samar da laktes, sinadarin da ke narka laktos. Abin ya fi yawa a gabashin Asiya da sassa da dama na Afirka, ya yi ƙaranci a arewacin Turai da kuma cikin al'ummomin da suka daɗe suna kiwo. Laktos ɗin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cikin hanji su yi ta aiki a kansa, sai ka ji ciki ya kumbura, yana ƙugi, iska ta taru, wani har gudawa. Wanda ya san wannan wahalar ba ya bukatar dogon bayani. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: da yawa daga masu wannan matsala suna iya shan rabin kofi, wasu har kofi guda, ba tare da damuwa ba, musamman in tare da abinci suka sha. Akwai kuma madarar shanu marar laktos. Ita ma ta saniya ce sak, an dai zuba mata laktes ya farfasa sukarin tun kafin ta iso bakinka. Za ka ji ta ɗan fi zaƙi, alhali ba a ƙara mata komai na sukari ba.

Wannan daban yake da alajin madara, kuma haɗa su wuri ɗaya yana da haɗari. Mai alaji, garkuwar jikinsa ce ke faɗa da furotin ɗin madarar. Fata ta yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, ya yi amai, wani numfashinsa ya sarƙe. Marar laktos ba ta yi masa maganin komai, domin furotin ɗin yana nan. Ta akuya da ta tumaki ma yawanci ba mafita ba ce, furotin ɗinsu ya yi kama da na shanu. Irin wannan sai da likita.

In ka yanke shawarar komawa ta tsirrai domin ta zame maka madadin madara na gaske, ni shawarata ɗaya ce: soya, marar sukari, wadda aka ƙara wa kalsiyam da bitamin. Kofinta yana ba da furotin giram 7 zuwa 8, kafaɗa da kafaɗa da ta shanu, ga ƙarancin kitse mai toshe jijiya. A jagoran cin abinci na Amurka na 2020 zuwa 2025, ita kaɗai ce daga cikin na tsirrai aka yarda ta zauna a rukunin madara. Mutanen Sin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna shan ta, ba sabon abu ba ne. Na sha jin maza suna tsoron wai tana rage mazakuta saboda sinadarin aisofilabon da ke cikin waken. Binciken da aka tattara daga gwaje-gwaje da dama a kan maza bai nuna tana rage sinadarin testosteron ba. Inda take da rauni shi ne ɗanɗano. Wasu kamfanonin ba sa iya kawar da gafin ɗanyen wake, kuma wanda ya fara da irin wannan sai ya yanke wa soya hukunci gaba ɗaya. Gwada kamfani biyu ko uku tukuna. Akwai kuma ta waken Turawa da ake kira “pea”, wadda furotin ɗinta ya kai na soya, ta dace da wanda soya ba ta karɓe shi ba.

Ta ots ita ce ta sace zukatan masu shan gahawa, kuma na fahimci dalili. Tana da kauri da santsi, ga ɗan zaƙi mai laushi, tana yin kumfa mai kyau. A ƙasar Suwidin aka ƙirƙiro ta a shekarun 1990, daga binciken Rickard Öste na jami'ar Lund, wanda ya haifar da kamfanin Oatly. Zaƙin nan kuwa yana da tushe. Wajen sarrafawa ana sa sinadarin da ke farfasa sitacin hatsin ya koma sukari mai suna maltos, wanda ke shiga jini da sauri. Don haka kwali zai iya cewa “ba a ƙara sukari ba”, kuma gaskiya ya faɗa, amma sukarin yana ciki. Mai ciwon suga ya kula da wannan sosai. Furotin ɗinta giram 2 zuwa 3 ne a kofi, kuma santsin nan sau da yawa daga man da aka zuba yake.

Ta almon mai sauƙi ce, marar sukarinta ba ta wuce kalori 30 zuwa 40 a kofi, alhali cikakkiyar ta shanu tana kai 150. Mai son rage ƙiba zai so wannan lissafi. Dalilin sauƙin shi ne yawancinta ruwa ne; a wasu kwalaye almon ɗin bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, furotin kuma giram 1 kacal. In abin sanyaya maƙoshi kake nema mai ɗan ƙamshi, ta yi. In abin da zai riƙe cikin yaro ko ya gina jikin mai jinya kake nema, ba ita ba ce.

Ta shinkafa tsululu take, ga zaƙi, furotin kusan babu. Amfaninta shi ne ba ta cika tayar da alaji ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara 5 ba, saboda shinkafa tana zuƙo sinadarin arsenik mai guba daga ƙasa da ruwa. Ta kwakwa ta sha, wadda ke cikin kwali, ƙamshi ne da maiƙo, ita ma ba furotin.

Kan yara ina so in ɗan tsaya, domin nan ne kuskure ya fi tsada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan sha da zai maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai da aka haɗa musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6. An samu jarirai da suka kamu da tamowa mai tsanani saboda iyaye, da kyakkyawar niyya, sun ɗora su a kan ruwan shinkafa ko na almon. Ko ta shanun ma, likitocin yara a Amurka da Ingila suna cewa kada ta zama babban abin shan yaro sai ya cika shekara guda. Bayan nan, in ba za a ba shi ta shanu ba, to soya mai ƙarin sinadarai ita ce ta fi kusa.

Ga yadda nake yi a gaban kanta. Ba na kallon hoton gaba, ganye ne kore da kalmomi masu daɗi. Ina juya kwalin in nemi layin da ke nuna abin da ke cikin mililita 100. Furotin ya kai giram 3? Ta shanu tana da kamar 3.3. Kalsiyam ya kai miligiram 120? An ƙara B12 da bitamin D? An sa aidin? Wannan na ƙarshen kamfanoni da yawa ba sa sawa, alhali mai juna biyu tana bukatarsa domin ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta. Sannan sukari: kowane giram 4 ƙaramin cokali ɗaya ne, kuma masu ɗanɗanon cakulan ko banila suna iya ɗauke da cokali uku ko huɗu a kofi. Wani abin da zai ba ka mamaki, waɗanda aka rubuta wa “oganik” sau da yawa su ne ba a ƙara wa kalsiyam ko bitamin ba. Wadda ka haɗa da hannunka a gida ma haka take, ta fi daɗi, amma babu ƙarin komai a cikinta.

Masu duba muhalli suna da hujja mai ƙarfi. Babban binciken Joseph Poore da Thomas Nemecek da ya fito a mujallar Science a 2018 ya nuna lita ɗaya ta madarar shanu tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya kusan ninki uku na kowace ta tsirrai, tana kuma cin ruwa sama da lita 600. Almon na bi mata da kusan lita 370, soya da ots kuwa ba su kai 50 ba.

Saura maganar baki, wadda takarda ba za ta yanke maka ba. Na taɓa zuba soya mai sanyi cikin gahawa mai tururi a gaban baƙi, nan take ta tsinke, ta yi ɓarɓashi fari-fari yana yawo a sama. Ba lalacewa ta yi ba; tsamin gahawa da zafi ne suka dunƙule furotin ɗin. Maganinsa shi ne ka ɗan ɗumama madarar, ka fara zuba ta a kofi, sannan ka tsiyaya gahawar a hankali. Waɗanda aka rubuta wa “barista” an sa musu sinadarin da ke rage tsami da ƙarin mai domin kada su tsinke. A shayi, ots ta fi kusa da ta shanu wajen cika baki, almon kuwa takan sa shi ya yi salam. Wajen gasa burodi ko kek, soya ta fi riƙe ƙullu da ba shi launi saboda furotin ɗinta.

Kada ka yi cinikin biri a sama ka kwaso katan guda saboda wani ya yaba. Sayi ƙaramin kwali ɗaya, ka sha shi da sanyi, ka gwada shi a shayi, ka ba harshenka kamar mako guda, domin kurɓin farko kullum da ta shanu yake auna komai. Mai shan maganin maƙoƙo irin su lebotairoksin, ko wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar tetarasaikilin, ya bar tazarar sa'o'i tsakanin maganin da kowace irin madara mai kalsiyam, domin tana hana jiki zuƙarsa yadda ya kamata. Kwalin da aka buɗe kuwa, ko da irin mai daɗewa a kanta ne, firij ne wurinsa, a shanye shi cikin kwanakin da aka rubuta a jiki. Kuma a girgiza shi sosai kafin kowane zubi.