Sati biyu da sabuwar Hilux ɗina, ga abinda na gani

Jama'a tunda na ɗora hoton motar nan mutane ke ta tambayata ya take, to bari in faɗi abinda idona ya gani a sati biyun nan. Hilux ce mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu, ƙirar nan da Toyota suka fara fitarwa a 2015 suke ta yi mata gyaran fuska. Ni harkar riɗi da zoɓo nake, daga Gumel nake shiga ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san da ka sauka daga kwalta rairayi ne zalla, shekara shida ina fama da ƙaramar mota ana turani, shi yasa na daure na tara na saya.

Ranar da na ɗaukota daga Kano ba komai a bayanta, gaskiya tana tsalle. Duk ɗan rami sai ka ji shi a ƙugunka, ƙanina dake kujerar baya har cewa yayi Yaya anya lafiyarta ƙalau kuwa. Lafiyarta lau, sifirin ɗin baya irin na faranti ne da aka jera kan juna kamar na babbar mota, don kaya aka yi shi. Ranar Alhamis da muka taso daga kasuwar Maigatari da buhu takwas a baya sai ta zama wata mota daban, ta zauna daram a titi ba girgiza ba komai, sitiyarin ma yafi daɗin riƙewa.

Inda ta shiga raina shine wata hanya da muke bi zuwa wani ƙauye gab da bodar Nijar, akwai wani gangare mai yashi da ya sha cinye min yini guda, nan ne kulocin tsohuwar motata ya taɓa ƙonewa muka kwana a wajen. Wannan karon na tsaya kafin in shiga, na rage iskar tayoyin zuwa 20 a ma'aunin iska, na murɗa ɗan makunnin nan dake kusa da sitiyari daga H2 (tayoyin baya kawai ke ja) zuwa H4 (duka tayoyin huɗu ke ja), na saka giya ta biyu na riƙe totur daidai ban ƙara ba ban rage ba, wallahi haka ta ratsa yashin nan tana wurgo shi gefe da gefe har muka haye, yaran da suka saba rugowa su tura mu suna tsaye ƙarƙashin wata aduwa suna kallo. Saida na tsaya a sama nayi hamdala. L4 kuwa, wato jan tayoyi huɗu da ƙaramar giya mai ƙarfi, sau ɗaya na gwada shi a bakin wani kududdufi, shi wannan sai ka tsaya cak ka taka kuloci kafin ya shiga, tafiyar ta koma kamar ta tarakta amma ƙarfin ba'a magana.

Dan Allah masu irinta ku riƙa mayar da ita H2 da zarar kun hau kwalta, ina ganin direbobi da yawa suna barinta a H4 suna gudu a busasshen titi, to a haka tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke tare, in kazo kwana sai ka ji tana turjewa, taya na cinyewa ƙarfen ciki na wahala. Kuma in ka rage iska ka nemi mai faci ya mayar maka kafin ka kama doguwar hanya, ni yanzu ƙaramin famfo na saya mai aiki da batir yana ƙarƙashin kujera.

Maganar mai kuwa, tankinta lita 80 ne, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san me cika irin wannan tankin yake nufi. A kwalta da sauƙi, amma in ta shiga yashi da kaya ga esi a kunne zaka ga allurar tana sauka. Na yi tunanin mai dizal, abinda ya sa na tsaya kan fetur shine duk bakaniken dake Gumel ya san injin nan ciki da waje, kayan gyaransa kuma ba sai an aika nesa ba.

Abu ɗaya da ya ɓata min rai daga wajen dillalin ne, mun yi da shi zai haɗa min da tamfol da shimfiɗar bayan bodi, har yau kullum gobe. Jiya dai na gaji na kai an ɗinka min tamfol ɗin da kuɗina saboda zoɓo baya son raɓa.

Damina ce ban gani ba tukuna. In Allah ya kaimu watan Agusta zan shiga da ita fadamar Hadeja wajen gonar shinkafar surukina, laka tasha bamban da yashi, a can zan san ko tayoyin da tazo dasu zasu iya ko sai na canza masu manyan haƙora.