Motar hybrid mai caji ko marar caji: wacce ta dace da Sakkwato?

Jama'a na yawan tambayata wacce za su saya cikin motocin hybrid, wato masu aiki da fetur da batir: mai caji da ake jona wa wutar lantarki, ko marar caji da ke cika batirinta da kanta. A takarda, yawancin masu caji kan yi kilomita 40 zuwa 80 da batir kaɗai, amma a zafin Afrilu da AC a kunne, nisan na raguwa. Duk da haka ya isa a kai yara makaranta, a leƙa kasuwa, a dawo ba a ƙona fetur ba. Idan cajin ya ƙare a hanyar Gusau kuwa, batirin ya zama kaya, shan fetur ɗinta ya koma kusan na marar caji. Ita marar cajin ta fi araha, makanikai ma sun fi saninta.

Mai sola a gida, mai zirga-zirgar cikin gari, ya ɗauki mai caji. Matafiyi da mai zaman haya da ba shi da wurin caji, marar caji ta fi musu.