Tsantsar lissafi ko lissafin aikace? Amsa ga malamin da zai fara mastas

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da ke koyar da lissafi a wata sakandare ta ƙauye a yankin Jahun ya kawo tambaya. Ya samu gurbin digiri na biyu a fannin lissafi a ɗaya daga cikin jami'o'in Kano, an kuma ce masa ya fara tunanin ɓangaren da zai yi bincikensa. Abokai sun ce ya guji tsantsar lissafi, wai wahala ce zalla kuma ba aikin yi a bayanta, ya kama lissafin aikace, wai ya fi sauƙi an fi saurin gamawa. Ya ce ya kwana biyu da barin jami'a, garinsu wuta ba ta zama, kwamfutarsa ma ta tsufa.

Malam, barka da wannan dama, Allah ya sanya albarka. Maganar abokan naka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma idan ka ɗauke ta yadda suka faɗa za ta kai ka ta baro.

Ka fara sanin cewa shekarar farko ba ta tambayarka wane ɓangare ka zaɓa. Zango biyu na lakca kusan tare za ku yi su: aljabara, analisis, tofoloji, ikweshin ɗin sauyi da muke kira difarenshiyal, da dabarun bincike. Makin ci a matakin mastas 50 ne, ba kamar yadda ka saba a digirin farko ba. Abin da ke kayar da sababbin ɗalibai, musamman malaman sakandare, ba yawan karatun ba ne. Shekaru kana shirya yara wa WAEC da NECO, hannunka ya saba da nemo x. A nan kuwa ba za a ce ka nemo komai ba, cewa za a yi ka kafa hujja cewa abin yana nan, kuma shi kaɗai ne, ba na biyunsa. Ga misali ɗaya da za ka haɗu da shi tun makonnin farko. A ɗauki fankshin da ke ba da 1 a kan duk lambar da ake iya rubutawa kamar 1/2 ko 3/7, ya ba da 0 a kan irin su √2. Intigiral ɗin Riemann da ka koya a digirin farko ba zai iya auna shi ba sam. Sai da Henri Lebesgue ya fito da sabuwar hanyar awo a 1902 aka iya cewa amsar sifili ce, kuma za a so ka bayyana dalili layi bayan layi. Mai son tsantsa da mai son aikace duk sai sun bi ta wannan ƙofa. Saboda haka wanda ya ce maka aikace mafaka ce daga kafa hujja bai faɗa maka daidai ba.

To, bayan an gama lakca an shiga rubuta kundi, nan hanya ke rabuwa.

Mai tsantsar lissafi kayan aikinsa takarda ne da biro da maƙaloli ƙalilan da zai karanta har su zauna masa a kai. Yana iya yin wata guda a kan maƙala mai shafi goma. A wannan yanki namu akwai fannin da ya yi jijiya, wato nazarin semigiruf na sauye-sauye, ma'ana nazarin hanyoyin sauya wa abubuwa wuri da yadda hanyoyin ke haɗuwa da juna. Farfesa Abdullahi Umar, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan a hannun John Howie, ya yi suna a duniya a kansa, kuma akwai malamai a jami'o'in Arewa da ke bin wannan layi. Na kawo shi ne don ka ga irin tambayoyin. Idan kana da abubuwa 4, hanyoyin sake jera su 24 ne. Idan kuma ka yarda abu biyu ko fiye su faɗa wuri ɗaya, hanyoyin sun zama 256. Sai a ce, cikin waɗannan nawa ne ke kiyaye jeri daga ƙarami zuwa babba? Nawa ne idan ka maimaita su ba sa canja komai? Za ka ƙirga da hannu a kan 3 da 4 da 5, ka hango tsari, ka yi hasashe, sannan babban aikin ya zo: ka tabbatar hasashen ya tsaya a kan kowace lamba. Wannan aiki a kan tabarma da fitilar sola ma ana yin sa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zama inda kake zaune.

Wahalarsa ita ce shiru. Kamar haƙar rijiya yake: kana ta fitar da ƙasa, ba ka san ko saura taku ɗaya ka tarar da ruwa ko dutse ne a gabanka ba. Mako uku na iya wucewa ba ka ƙara layi ko ɗaya ba, iyali na ganin kana zaune da takarda, kai ma zuciyarka na raya maka ko ba ka iya ba ne. Wanda ba shi da malamin da zai duba ya ce masa bar nan, koma can, a irin wannan wurin yake yanke ƙauna. Shi ya sa tsantsa ba ta yiwuwa da sufabaiza, wato malamin da ke duba kundinka, wanda ba a ganinsa.

Lissafin aikace kuma daga wata matsala ta duniya yake tashi. Wanda ɗalibanmu suka fi yi shi ne lissafin yaɗuwar cuta. Asalinsa tsoho ne. Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin maleriya, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, idan yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani cutar za ta ja baya da kanta. A 1927 Kermack da McKendrick suka kasa jama'a gida uku, masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka fita daga cikinta, suka rubuta yadda mutane ke ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. Har yau a kan wannan ake gini. Akwai lamba ɗaya da komai ke rataye a kanta, wato mutum nawa mai cuta ɗaya zai shafa wa idan ya shiga cikin jama'ar da ba ta da kariya. In ba ta kai 1 ba cutar za ta mutu da kanta, in ta haura annoba ce. Kai da ka san yadda sanƙarau ke tasowa lokacin zafi kafin saukar ruwa, da yadda amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya, kana da abin da ɗalibin da ya tashi a birni ba lallai ya sani ba. Haka maganar ruwa: kogin Haɗeja, da madatsar Tiga da ta Challawa da ke samansa, da ambaliyar da ke cin gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja idan damina ta yi ƙarfi, duk tambayoyi ne da lissafi ke da bakin magana a kai.

Daɗinsa shi ne kana ganin aikinka na motsi. Yau ka rubuta ikweshin, gobe ka sa kwamfuta ta zana maka, ka canja lamba ɗaya ka ga layin ya lanƙwasa. Babi na cika, zuciya na kwanciya. A nan ne abokanka suka yi gaskiya da suka ce an fi saurin gamawa.

Amma ga abin da ba su faɗa maka ba, kuma shi ne ya fi damuna. Sauƙin nan yana da rami. Hanya mafi kusa ita ce ka ɗauko maƙalar wani, ka ƙara gida ɗaya a kan gidajensa, ka kwaso lambobin da aka auna a wata ƙasa ka zuba, ka fitar da zane masu launi, ka ce ka yi bincike a kan Jigawa. Irin wannan kundi yana iya wucewa, amma mai shi zai fita bai san kafa hujja ba, bai san cutar ba, bai kuma iya kwamfuta ba, ya tashi a tutar babu. Aikace na gaskiya nauyi uku yake ɗora maka. Sai ka tabbatar ikweshin ɗinka yana da mafita kuma guda ɗaya ce, wanda hujjarsa ke komawa ga ƙa'idar da Stefan Banach ya kafa a 1922, tsantsar lissafi ke nan tsagwaronta. Sai ka iya rubuta wa kwamfuta umarni da kanka. Sai kuma ka samo alƙaluman gaskiya, wanda ke nufin takardar neman izini, da jira, da zirga-zirga ofis-ofis, wani lokaci ka tarar rajistar ma ba cikakkiya ba ce. Mai jarrabawa na waje idan ya zo ranar kare kundi, tambayarsa ta farko tana iya zama: wannan lambar daga ina ka samo ta?

Maganar wuta da kwamfuta kada ta firgita ka, amma kada ka raina ta. Irin lissafin cutar da na ambata ba ya buƙatar babbar kwamfuta, tsohuwar taka za ta ɗauka in dai batirinta na riƙe caji. Cikin manhajojin da ake yin wannan lissafi da su, MATLAB na kuɗi ne, amma Octave da Python kyauta ne kuma suna yin aikin ba tare da intanet ba da zarar ka sauke su. Matsalar ita ce koyo. Wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba yana buƙatar awa biyu ko uku a zaune kullum na tsawon watanni, kuma wannan ba ya yiwuwa da cajin da ake kaiwa shago a karɓo da yamma. In aikace za ka yi, ƙaramin sola da batir na cikin kuɗin makaranta, ka lissafa da su tun yanzu. Kowanne ka zaɓa kuma sai ka koyi LaTeX, don da shi ake buga lissafi. Duk ranar da ka shiga Kano ka sauke maƙalolin da za ka buƙata, da yawansu suna nan kyauta a shafin intanet na arXiv.

Batun aiki ba zan daɗe a kai ba. Ko wanne ka yi, takardar da za a ba ka za ta ce digiri na biyu ne a lissafi. Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, idan suna neman malamin lissafi duka biyun suna iya nema. Aikace na buɗe ƙarin ƙofa wajen masu aikin alƙaluma, amma ga wanda ya iya kwamfuta da gaske kawai. Idan kuma kana hangen digiri na uku, makin shekarar farko ya fi sunan ɓangaren tasiri. Wurare irin su cibiyar nazarin lissafi ta AIMS, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 kuma take da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, da cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya da Abdus Salam ya kafa a 1964, suna ɗaukar ɗaliban Afirka da tallafi, kuma ƙarfin tushe suke dubawa. Ka kuma sani tallafin karo ilimi na TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne, malamin sakandare ba ya ciki, don haka ka nemi hutun karo ilimi a rubuce daga wurin aikinka kafin a fara lakca. Ka bar sarari a lissafin lokacinka ma. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka.

Ga inda na tsaya, ƙanena. Da a ce malamai biyu ne a gabanka, duka suna zama da ɗalibansu, da yadda ka kwatanta halinka tsantsa zan nuna maka, domin abin da take ci shi ne lokaci da natsuwa, waɗanda ƙauye ke iya ba ka bayan sallar asuba da bayan isha'i, abin da aikace ke ci kuwa, wuta da intanet da yawon neman alƙaluma, su ne ba ka da su. Amma da wuya ka tarar da malaman daidai wa daida. In mai aikace ne ke karanta babi ya dawo da shi da jan biro cikin mako biyu, mai tsantsa kuma ɗalibai sun yi masa yawa, bi mai aikacen ka sayi sola. Kada ka yanke hukunci kafin ƙarshen zangon farko. Ka zauna a seminar sashen ko ba a tilasta maka ba, ka nemi ɗaliban da ke shekara ta biyu da ta uku ka tambaye su sau nawa suke ganin sufabaizansu, da tsawon lokacin da babi ke yi a hannunsa. Ka shiga laburaren sashen ka duba kundayen da aka kare a hannun kowane malami a 'yan shekarun nan, ka karanta babi na uku da na huɗu, za ka gane wanda ɗalibansa suka yi aiki da kansu.

Kafin ranar rajista kuma, ciro littafin analisis da na aljabarar matriks na aji uku a jami'a. Fara daga ma'anar iyaka, ta epsilon da delta. Kullum ka karanta hujja ɗaya, ka rufe littafin, ka sake rubuta ta da kanka, in ta tsaya maka ka buɗe ka ga layin da ya kuɓuce. Idan akwai wani a yankinku da ya samu gurbi tare da kai, ku riƙa haɗuwa ranar kasuwa kuna yi wa juna bayani a allo.