Karatun garkuwar jiki: a gida ko a Amurka?

Ɗan Ringim ko Gumel da ya gama digirin farko, yana son zurfafa ilimin garkuwar jiki, hanya biyu ce a gabansa. A gida, digiri na biyu zai nema: ya kai takardar bautar ƙasa, ya yi zangon darussa, sannan bincike da kare kundi. Kuɗin makaranta, sau da yawa har na sinadaran gwaji, daga aljihunsa, amma yana iya leƙa gonarsa da damina.

Amurka kuwa kai tsaye ake shiga digirin digirgir. Shekarar farko darussa ne da zagaya ɗakunan gwaji, sai jarrabawar cancantar ci gaba da bincike, gaba ɗaya shekara 5 zuwa 6, ana biyan alawus. Samun gurbin ne wuya. Mai iyali dai, a ganina, gara ya fara a gida.