Rumbun takardun Baha'i na Iran: amfaninsa da inda yake da gyara

Tun 2018 ƙungiyar mabiya addinin Baha'i ta duniya, wadda ke da ofisoshi a New York da Geneva, ta buɗe wani rumbu a intanet mai suna Archives of Bahá'í Persecution in Iran, wato rumbun takardu kan tsangwamar da ake yi wa mabiya Baha'i a Iran. Kyauta ne, cikin Farisanci da Turanci. Akwai dubban takardu a ciki: hukuncin kotu, wasiƙun ma'aikatu, hotuna, da yankan jaridu. Ɗan jarida ko ɗalibin da ke son ganin yadda ake shafa wa tsirarun jama'a baƙin jini ta kafafen watsa labarai, a yankan jaridun nan zai fi daɗewa.

Ƙarfin rumbun shi ne yana barin mai zargi ya yi magana da bakinsa. Galibi za ka tarar da hoton ainihin shafin jaridar, sunanta, kwanan wata, sannan fassara. Idan ka jera na shekaru daban-daban, sai ka ga zargin bai cika sauyawa ba, ubangidan da ake laƙaba musu ne ke sauyawa: da can 'yan koren Rasha ne, sai Ingila, yanzu kuma Isra'ila da Amurka. Hujjar da ake yawan kawowa ita ce cibiyarsu tana Haifa da Akka, a Isra'ila ta yau. Ba a faɗin cewa Daular Usmaniyya ce ta kai Baha'u'llah, wanda ya kafa addinin, gudun dole Akka a 1868, shekara 80 kafin kafa Isra'ila. Laƙabin "ɓatacciyar ƙungiya" kuwa yana bin su daga jarida zuwa jarida, har da Kayhan, wadda Jagoran Addini ke naɗa shugabanta.

Wanda zai fara bincike ya soma da 1955. A azumin shekarar, gidan rediyon ƙasa ya riƙa watsa wa'azin Sheikh Muhammad Taƙi Falsafi a kan Baha'i, kuma abin ya kai ga rushe kubbar cibiyarsu ta Tehran, har aka ɗauki hoton malamin riƙe da diga tare da manyan sojoji. A zamanin Shah, sarkin Iran, ke nan, saboda haka mai zaton abin ya faro ne da juyin juya halin 1979 zai sake lissafi. Daga nan a nemi takardar sirri ta 1991 ta majalisar ƙoli ta juyin al'adu, wadda ta ce a toshe musu hanyar ci gaba kuma a kore su daga jami'a, takardar da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fallasa a 1993.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne kwanan wata. Jaridun Iran na amfani da kalandar hijira mai bin rana, ba mai bin wata da muka saba da ita ba. Don samun shekarar Miladiyya, a ƙara 621 a kan shekarar Iran idan ranar ta faɗo tsakanin Nauruz (sabuwar shekarar Iran), wajen 21 ga Maris, da ƙarshen Disamba, a ƙara 622 idan tsakanin Janairu ne da Nauruz. Watan Mayun 1955 yana cikin shekarar 1334. Mai lissafi da kalandar Musulunci ta wata zai kauce da kusan shekara 40. Haka kuma sunaye: Kayhan da Keyhan abu ɗaya ne, a gwada duka biyun wajen nema. Iya karatun Larabci ko ajami zai taimaka wajen gane haruffa da sunaye kawai, ba ma'ana ba.

Akwai aibu. Fassarar Turancin ana yi mata alamar ta wucin gadi, don haka kada a ɗauko jimla a matsayin maganar wani sai mai jin Farisanci ya duba. An goge bayanan wasu mutane don kare su, wanda daidai ne, amma yana wahalar da mai son tantancewa. Sannan masu rumbun su ne waɗanda abin ya shafa, su suka zaɓi abin da ya shiga. Hoton takardar asali yana rage wannan damuwa sosai, amma duk mai rubutu ya haɗa da rahotannin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan haƙƙin ɗan Adam a Iran.

Hotunan ɓatancin kuma a yi hattara da su. Wanda ya kwafi zanen ya tura WhatsApp ba tare da sunan jaridar da shekarar da bayani ba, ya taya mai farfagandar raba kayansa ne.